Kuloci da totur: tarihin garejin bakin hanya daga Aliero zuwa Maiyama

Yau tarihin bakanike za mu taɓo, mutumin da ba kasafai ake sa shi cikin littafi ba, tare da abubuwa biyu da ke ƙarƙashin ƙafar kowane direba, wato kuloci da totur.

Mu fara da hanya, don ita ta haifi gareji. Jega dai Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta wajen shekarar 1820, kuma ba a jima ba kasuwarta ta yi suna wurin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Jaki ne motar wancan zamani. Da mota ta zo, sai babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ta ratsa Aliero, ta shiga Jega, ta wuce Maiyama. Duk inda mota ke tsayawa da kaya kuwa, dole a samu mai gyara, ko da inuwar dalbejiya ce rumfarsa.

A 1975 kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, kuma 504 ta zama motar gwamnati, motar ɗan kasuwa, motar haya. A jikinta da yawa daga cikin iyayen gidanmu suka koyi aiki. Kulocinta na mai ne. In direba ya taka, mastan sama zai tura man birki ta siririn bututu zuwa mastan ƙasa, shi kuma ya tura ƙarfen da ke raba inji da giya. Sirrin shi ne ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Shi ya sa in iska ta shiga bututun, sai ka ji kuloci ya yi laushi, giya ta ƙi shiga. To nan ne za ka ga yaro a kujerar direba, maigida a ƙarƙashin mota yana cewa "taka, taka, riƙe!" yana kwance ɗan kusar yana fitar da iska. Wannan ka'ida ita ce Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17, ita ake koyarwa a aji, ita kuma yaron gareji ke aikatawa da ƙafarsa.

Totur shi ma a lokacin a bayyane yake. Waya ce ko 'yan sanduna daga ƙafar direba zuwa kafireto, sai sifirin da ke maido shi in an ɗaga ƙafa. In ya maƙale, a wanke a sa mai. In waya ta tsinke a daji, direbobi sun san dabarar da za ta kai su gari.

Sai 1986, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Daga nan kasuwar 'yan Beljiyam ta buɗe ta Kwatano. Tsofaffin motoci iri-iri suka cika hanya, ba littafin kamfani, ba kayan gyara na asali. Bakanike ya koma yin aiki da kunne da hannu: ya canja roba maimakon ya sayi sabon masta, ya ɗauko na wata mota ya daidaita. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, irin waɗannan hannaye ne ke riƙe da sufurin yankinmu.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu ne. Manomin Aliero da ya loda albasa zai kai Kudu, in kuloci ya mutu a Maiyama mota ta kwana biyu a rana, asarar tasa ce. Kuma akwai kuskuren da har yau ake yi: zuba man inji ko na sitiyari a wurin man birki. Wannan yana kumbura roba, ya kashe masta. A duba abin da aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, a sa shi.

Yanzu zamani ya sake juyawa. Yawancin motocin da ke shigowa ba su da wayar totur, na'ura ce ke karanta takun ƙafa ta aika wa kwamfutar mota. Da dama ma masu canja giya da kansu ne, ba kuloci ƙarƙashin ƙafa. Wanda bai iya na'urar bincike ba, aiki zai riƙa wuce shi zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Ga kiran da nake yi. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, muna da gareji a kowace tasha. Ɗalibin injiniya ya san lissafi, yaron gareji ya san ƙarfe, amma ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da jami'a da ƙananan hukumomin nan uku za su iya shirya horo na 'yan makonni, a koya wa yara karanta na'ura, ɗalibai kuma su shiga ƙarƙashin mota. Mu matasa mu ne za mu matsa a yi.

Ku kuma masu tsofaffin iyayen gida a gareji, ku zauna da su ku ji yadda suka fara tun suna nan da ransu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare hanya.