Tunanin da ke Mayar da Mai Barin Taba Ruwa: Nazari daga Rawayya da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar ta auna binciken masana halayyar ɗan Adam kan komawa shan taba sigari da yadda ake rayuwa a Rawayya, Bungudu, Gusau da Tsafe. Hujjarta ita ce, abin da mashayi ke faɗa wa kansa yana hura wutar ƙishin taba kamar yadda ƙarancin nikotin a jini ke hura ta.

Gabatarwa

Binciken shan taba tsakanin manya da aka gudanar a Nijeriya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manya suna amfani da taba. Hughes da abokan aikinsa (2004) kuwa sun gano cewa cikin masu ƙoƙarin bari ba tare da magani ko taimako ba, kashi 3 zuwa 5 ne kacal ke kai wata shida zuwa shekara, kuma akasari a kwana takwas na farko ake komawa. Sai dai raɗaɗin jiki yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. To me ke mayar da wanda ya yi wata uku?

Azumi a Matsayin Hujja

Duk mashayin da ke azumin Ramadan yana kame baki daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, alhali nikotin na raguwa da rabi a jini cikin kamar awa biyu. Direban da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe, wanda a sauran watanni ba ya iya jure tafiya ɗaya bai kunna ba, yana wuni cur bai sha ba. Amma da an kira magariba, ga dabino a hannun dama, ga ashana a hagu. Dar da abokan aikinsa (2005) sun ga makamancin haka a Isra'ila: ƙishin taba yana sauka ga Yahudawa masu riƙon addini ranar Asabar, ranar da aka hana su kunna wuta, fiye da ranar aikin da aka ce kawai su daure. Idan zuciya ta san ƙofa a rufe take, takan rage ƙwanƙwasa ta.

Wannan ya sha bamban da danne tunani da ƙarfi. Erskine da abokan aikinsa (2010) sun nuna waɗanda aka umarta su kori tunanin taba na mako guda sun ƙara yawan sha a makon da ya biyo baya. Mai cewa "kada na tuna" yana tunawa ne.

"Kara Ɗaya Kawai"

Nan ne abin ya fi ciwo. Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma a teburin mai shayi da bakin tasha hakan ake saye. Wanda ya bari ba zai sayi kwali ba, don kwali shaida ce ta komawa. Kara ɗaya kuwa yana shiga da uzuri: yau na gaji, yau raina ya ɓaci, aboki ne ya miƙo a majalisa, ƙin karɓa rashin kara ne. A yankin da fargabar 'yan bindiga ta hana mutane gona da barci, uzurin ba ya wuyar samu, kuma bai dace a raina mai shi ba.

Bayan karan sai tunani na biyu, wanda Marlatt da Gordon (1985) suka bayyana: "Tunda na riga na karya, ai ni ba mai iya bari ba ne." Kunya da yanke ƙauna su ke mayar da tuntuɓe ya zama faɗuwa. Fikihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan yankin yana da amsa: wanda ya karya azumin Ramadan da gangan wajibi ne ya kame baki sauran yinin. Ma'aikatan lafiya a cibiyoyin matakin farko na Bungudu da Tsafe za su iya ɗora nasiharsu kan wannan hukunci, su fara ta a goman ƙarshe na Ramadan, su kuma sa wa mai bari ranar dawowa cibiyar cikin makon farko bayan Sallah.