Indiana Jones Ɓarawo Ne, Kuma Zan Kare Maganata (ZARE)

1/ Duk wanda na ce wa ina karanta akiyoloji, wato ilimin tono da binciken kayan tarihi, tambaya ɗaya yake min: "To yaushe za ka tono mana zinare?" Har Kawuna. Ban ga laifinsu ba, fim ne ya koya musu. Ku gyara zama.

2/ A 1981 aka saki Raiders of the Lost Ark, fim ɗin Steven Spielberg, Harrison Ford ne jarumin. Farkonsa a dajin Peru: malamin jami'a da malafa da bulala ya shiga tsohon wurin bauta, ya sure gunkin zinare, ginin ya rufto, shi kuma ya arce.

3/ Ina yaro na tafa masa. Yanzu da na shiga aji uku, sai na ga ta'asa. Bai auna komai ba, bai zana taswira ba, bai rubuta ko layi ɗaya ba, bai nemi izinin mutanen wurin ba. Ya rusa gini guda saboda abu ɗaya mai ƙyalli. A unguwarmu sunan wannan ɓarawo.

4/ Abin da fim ba ya faɗa: darajar abu tana wurin da aka same shi. Zurfin nawa? Me ke gefensa? Akwai gawayi ko ƙwayar hatsi da za a gwada a san shekarunsu? Ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Ka fizge abu ka hargitsa wurin, shi ke nan, ba mai iya mayar da shi.

5/ Sai The Mummy na 1999 da zancen tsinuwar Fir'auna. Ga abin da ya faru: Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a Masar a Nuwamban 1922. Lord Carnarvon, mai ɗaukar nauyin aikin, ya mutu a Afrilun 1923 bayan cizon sauro da ya zama gyambo. Jaridu suka ce tsinuwa ce.

6/ Shi Carter da ya buɗe kabarin bai mutu ba sai 1939. Kuma kusan shekara 10 ya yi yana kwashe kayan, sama da 5,000, ɗaya bayan ɗaya, ana ba su lamba, ana ɗaukar hoto. Ga kuma ɗimbin Misirawa da suka yi haƙar, waɗanda fim ke mayarwa 'yan ɗaukar kaya kawai.

7/ Yanzu mu dawo gida, don a nan abin ya fi min ciwo. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok, kudancin Kaduna. Daga baya aka kai wa Bernard Fagg wani kai da aka kafa a gonar doya don korar dabbobi. Shi ya kafa gidan tarihin Jos a 1952.

8/ Da Turai ta san kuɗin kayan Nok, sai haƙar sata ta ɓarke, musamman a shekarun 1990. An yi wa wurare da yawa ramuka, an fitar da kawuna, an watsar da sauran. Wannan fa shi ne aikin Indiana Jones a zahiri, ba kiɗa, ba tafi.

9/ Ku dubi bambanci. Masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt da abokan aikinsu na Najeriya sun yi shekaru suna haƙa a hankali. A 2021 aka wallafa cewa an samu alamar kakin zuma a tsingaron tukwanen Nok. Wato kimanin shekara 3,500 da suka wuce mutanen nan suna ɗibar zuma. Gero ma suna nomawa.

10/ Tsingaro fa, wanda ɓarawo zai take ya wuce!

11/ Haka kwalekwalen Dufuna a Yobe. Wani Bafulatani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987. Labari ya kai ga hukuma, masana suka fito da shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Da faskara shi aka yi, da an dafa tuwo da shi an manta.

12/ Adalci: Black Panther na 2018 ya taɓo gaskiya, inda Killmonger ya tsaya a gidan tarihi a Landan yana tambayar yadda kayan Afirka suka je can. Sojojin Ingila sun wawashe fadar Benin a 1897, sai a 2022 Jamus ta fara dawo da na hannunta.

13/ Ni da muka fita aikin fili, mako biyu na yi a tsugune da ƙaramin cokalin magina da buroshi da rariya. Abin da na samu: tsingaro da gawayi. Wallahi na yi murna kamar na ci jarrabawa.

14/ Roƙona: in ka ci karo da wani abu a gona ko wajen haƙa rijiya, kada ka ciro, kada ka wanke, kada ka sayar. Ɗauki hoto, ka sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa. Fim kuwa ku ci gaba da kallo, ni ma ina kallo. Ku tura wa wanda ke tambaya ta zinare.