Ƙwallon Ikpeba: Yadda Labari Ke Girma A Bakin Jama'a

Ranar da aka yi abin da zan ba da tarihinsa a nan ko haihuwata ba a yi ba, amma na tashi na tarar da labarin a gidanmu, a Gumbin Kure, kamar yadda yaro ke tashi ya tarar da labarin wata yunwa ko wani babban ruwa da aka taɓa yi. Duk sa'ad da aka zauna hira da dare, maganar ƙwallo ta taso, to, kawuna ba ya bari a watse sai ya kawo zancen ranar da, in ji shi, "anka sace muna kohi a Ikko." Da na zo jami'a, malaminmu na adabin baka ya nuna mana cewa labarin da ya daɗe yana yawo a bakin mutane ba ya zama yadda ya fito, kowa ya ɗauka sai ya ɗan ƙara masa gishiri. Sai na ce bari in gwada wannan magana a kan labarin kawu, tun da shi an ɗauki hotonsa, ana iya komawa a duba.

Wasan da ake magana shi ne wasan ƙarshe na gasar cin kofin ƙasashen Afirka, wanda aka yi tsakanin Nijeriya da Kamaru ran Lahadi, 13 ga Fabrairu, 2000, a babban filin wasa na Surulere, a Legas. Tilas mai karatu ya san irin ƙishin da ake ciki a lokacin. Nijeriya ta ci kofin a 1994 a Tunisiya, amma ba ta je ta kare shi ba a 1996 a Afirka ta Kudu, saboda tsamin da ya shiga tsakanin gwamnatin Janar Sani Abacha da ta Nelson Mandela bayan rataye Ken Saro-Wiwa. A kan haka hukumar ƙwallo ta Afirka ta hana mu shiga gasar 1998. Watau shekara shida ke nan rabonmu da gasar, ga shi kuwa ta dawo har gida, domin Nijeriya da Gana ne suka karɓi baƙuncinta bayan an karɓe daga hannun Zimbabuwe. Kano ma ta sami rabonta, a can Masar da Sanagal da Zambiya da Burkina Faso suka yi wasanninsu. Bugu da ƙari, a wannan fili na Surulere ne Nijeriya ta fara ɗaukar kofin a 1980, sa'ad da ta ci Aljeriya 3 da nema. Saboda haka mutane ba fata suke yi ba, jira kawai suke a miƙo.

Mutanen arewa kuwa suna da nasu dalili na daban. A cikin 'yan wasan akwai Garba Lawal da Tijjani Babangida, duka 'yan Kaduna, kuma Babangida ne ya jefa ƙwallo biyun da aka fitar da Afirka ta Kudu da su a wasan kusa da na ƙarshe. Kawu ya ce a makon nan duk yaron da ya iya gudu a unguwa sunansa ya koma Babangida.

A lokacin kawu yana ɗan saurayi, yana bin motar albasa tsakanin Aliero da Jega. A Jega ya kalli wasan, a ƙofar gidan wani ɗan kasuwa wanda ya fito da talabijin ya ɗora kan tebur, ya ta da janareta. Na gaba suna zaune a tabarma, na baya suna tsaye, wasu yara a bisa katanga. Waɗanda suka rage a ƙauye kuwa rediyo suka kewaye.

Ga yadda wasan ya gudana, bisa ga abin da ke rubuce da abin da hoto ya nuna. Kamaru ce ta fara ci ta ƙafar Samuel Eto'o, wanda a lokacin bai cika shekara 19 ba, sa'an nan Patrick Mboma ya ƙara ta biyu, duk kafin a cika minti 35. Ana gab da tafiya hutu Raphael Chukwu ya rama ɗaya. Dawowa ke da wuya Jay-Jay Okocha ya ɗaɗa wata daga nesa ta faɗa raga, aka koma biyu da biyu. Haka aka tashi, aka yi ƙarin lokaci ba wanda ya ci, sai aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Nijeriya ce ke fara bugawa. Okocha ya ci, Mboma ya ci. Godwin Okpara ya ci, Pierre Wome ya ci. Sai Nwankwo Kanu, gwarzon Afirka na 1999, ya buga, mai tsaron gidan Kamaru Alioum Boukar ya tare. Geremi ya ci wa Kamaru ta uku. A nan ne Victor Ikpeba ya fito. Ya buga da ƙarfi, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta ƙasansa, ta dira ƙasa, ta yi tsalle ta fito waje. Alƙalin wasa, Mourad Daami na Tunisiya, bai ba da ci ba, mai tutarsa ma bai ba da ba. Da talabijin ta maimaita hoton sai aka ga lalle a bayan layi ta dira. Bayan haka Marc-Vivien Foe ya zubar da tasa, Sunday Oliseh ya ci, Rigobert Song ya buga ta ƙarshe ta shiga. Kamaru 4, Nijeriya 3.

Kawu ya ce da aka maimaita hoton nan wuri ya kaure, wani dattijo da bai taɓa damuwa da ƙwallo ba ya tashi yana nuna talabijin da sanda, mai gida ya rungume kayarsa don kada a fasa. Wasu sun ƙi cin tuwo a daren. Wannan ɓangare ba ni da abin da zan gwada shi da shi, kuma na yarda da shi yadda ya faɗa.

To, a hutun da ya wuce na bi mutanen da suka ga wasan ko suka ji shi, a Gumbin Kure da Jega da Maiyama, ina tambayarsu abin da suke tunawa. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne awo. Waɗanda suka gani a talabijin cewa suke ƙwallon ta wuce layi da kamar taƙi guda. Waɗanda suka ji a rediyo kuwa, waɗanda ba su ga kome ba, su ne suka fi kowa tabbaci: wani ya ce kamu biyu, wani ya rantse sai da ta taɓa raga ta dawo. Ashe idan ido bai gani ba, kunne ba ya da linzami.

Abu na biyu, kusan kowa ya ɗauka bugun Ikpeba shi ne na ƙarshe, wai da an ba da shi sai a miƙo kofi. Wannan ba haka ba ne. In mai karatu ya sake duba lissafin da na kawo, zai ga da an ƙirga ta Ikpeba, da huɗu da huɗu za a tashi, a ci gaba da bugawa ɗaya bayan ɗaya har wani ya zubar. Ko mu ko su, Allah kaɗai ya sani. Saboda haka abin da aka hana Nijeriya dama ce, ba kofi ba ne. Damar kuwa babba ce, ban raina ta ba. Sai dai na lura cikin waɗanda na tambaya da wuya ka sami mai tuna cewa Kanu ya riga ya zubar da tasa, balle mai tuna yadda aka bar Kamaru ta ci biyu a gabanmu cikin rabin sa'a. Labari ya share waɗannan sarai, domin ba su da daɗin faɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Har wa yau akwai abin da hoton ke nunawa wanda ba a so a ambata. Ikpeba kansa, da ya ga ƙwallo ta fito, bai ruga yana murna ba, bai bi alƙali yana rantsuwa ba. Hannu biyu ya ɗora a ka, irin na wanda ya yi ɓarna. Ni a ganina wannan ya taimaka wajen rufe maganar, domin alƙalin da ke cikin shakka, in ya ga mai ƙara ya yanke wa kansa hukunci, ai ya huta.

Abu na uku shi ne neman mai laifi, kuma a nan ne labarin ya fi yin rassa. Wani ya ce mini alƙalin ɗan Kamaru ne. Ba haka ba ne, ba a ba ɗan ƙasa alƙalancin wasan ƙasarsa. Wani ya ce ramuwa Daami ya yi, don Nijeriya ta ci Tunisiya 4 da 2 a wasan farko, inda Ikpeba ɗin nan ya jefa biyu. Wannan hujja ta burge ni har sai da na duba na ga Kamaru ce ta fitar da Tunisiya a wasan kusa da na ƙarshe, da ci 3 da nema. In ramuwa ce, wa ya fi cancanta a rama a kansa?

Amma mafi yawa Isa Hayatu suke ambata, mutumin Garwa ta arewacin Kamaru, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallo ta Afirka daga 1988 zuwa 2017, ya rasu a 2024. Kawu har cewa yake an ga ya ɗaga hannu daga inda yake zaune. Na kalli hoton ban san iyaka ba, ban ga wannan hannu ba. Duk da haka zargin bai faɗo daga sama ba, yana da saiwa. Wannan shi ne karo na uku da Kamaru ta doke mu a wasan ƙarshe. Na farko a Abijan ne a 1984, da ci 3 da 1, kuma ba a yi gardama ba. Na biyu a Kasabulanka ta Maroko ne, a watan Maris na 1988, watan da aka zaɓi Hayatu. A ranar Henry Nwosu ya jefa ƙwallo da ka, alƙali Idrissa Sarr na Muritaniya ya soke ta, ya ce satar gida ce, daga baya Emmanuel Kunde ya ci wa Kamaru da fanareti. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, in an sake yi masa, ba ka iya hana shi haɗa biyu da biyu. Sa'an nan kada a manta a shekara ta 2000 rigimar Bakasi tana gaban Kotun Duniya, ba a yanke hukunci ba sai 2002. Sunan Kamaru a kunnen ɗan Nijeriya a lokacin ba sunan maƙwabci kawai ba ne.

Shi ma Daami bai taimaki sunansa ba. A watan Disamba na shekarar, a Ankara ta Gana, ana wasan ƙarshe na kulob-kulob tsakanin Hearts of Oak da Esperance ta ƙasarsu, ya shiga fili alhali ba shi ne alƙali ba, yana cikin tawagar Esperance, har hukumar ta dakatar da shi. Daga baya aka maido shi, ya yi alƙalanci a gasar duniya ta 2002, kuma shi ya busa wasan ƙarshe na Afirka a 2006. Wannan duk gaskiya ne, amma ba ya tabbatar da cewa da gangan ya hana ta Ikpeba. Abin da na iya tabbatarwa kuskure ne, kuskure mai tsada. Makirci kuwa ban sami shaidarsa ba, kuma ɗalibin tarihi ba ya rubuta abin da zuciyarsa ke so don kawai tana so.

Dalilin da ya sa na fi karkata ga kuskure shi ne irin wannan ƙwallo ta sha ruɗa alƙalai a inda ba Hayatu ba Bakasi. A 1966, a wasan ƙarshe na gasar duniya a Landan, Geoff Hurst na Ingila ya daki ƙarfen sama, ƙwallo ta dira, aka ba da ci, Jamusawa suna musu har gobe. A 2010, a Afirka ta Kudu, Frank Lampard na Ingila ya buga irinta a ragar Jamus, ta shiga ƙarara, aka hana. Ƙwallon da ta dira ta tashi cikin ƙiftawar ido ta fi ƙarfin idon mutum da ke tsaye a gefe. Bayan ta Lampard ne masu dokar ƙwallo suka yarda, a 2012, a sa na'urar da ke gaya wa alƙali ko ƙwallo ta haye layi, aka yi aiki da ita a gasar duniya ta 2014 a Barazil. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne ta Ikpeba ta riga ta Lampard da shekara goma, amma ba wanda ya motsa sai da abin ya faɗa kan Ingila. A gasar Afirka kuwa sai 2019, a Masar, aka fara barin alƙali ya je ya duba hoto.

Mu mutanen Kabi mun san amfanin a koma a duba. A bikin kamun kifi na Argungu na 2008 an ba wani mutum na ɗaya, daga baya alƙalai suka sake binciken kifin suka ce ya mutu tun kafin a shiga ruwa, aka karɓe kyautar. Sun iya yin haka domin kifin yana nan a gabansu. Daami kuwa ƙwallonsa ta riga ta tashi, kuma dokar lokacin ba ta ba shi ikon kallon hoton da yaran da ke bisa katanga a Jega suke kallo ba. Kowa a Afirka ya gani, sai mutum guda wanda ganinsa ke da amfani.

Da na gama tattara waɗannan abubuwa na kai wa kawu hoton a waya, bayan sallar la'asar, yana zaune yana gyaran buhunan albasa. Na nuna masa bugun Kanu, na nuna masa hannun Ikpeba a ka, na lissafa masa huɗu da huɗu da yatsu. Ya karɓi wayar ya sa na maimaita masa sau uku, bai ce uffan ba. Can ya miƙo mini, ya ce, "To, ɗan boko, ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Na ce, "Ta shiga, Kawu."

Ya ce, "To mi kaka son in ƙara maka?" Ya jawo wani buhu ya ci gaba da ɗinki.