Ma'aunin abin da rai ke so, daga turmin atamfa zuwa manhaja

Tun kafin a ƙirƙiro manhajar da ke auna abin da ran mai saye ke so, masu buga atamfa suna da nasu ma'aunin, wato 'yan kasuwa. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan, wanda aka kafa a 1846, yana cikin waɗanda suka kwaikwayi rinin batik na tsibirin Java. Mutanen can suka ƙi kayan saboda tsage-tsagen da inji ke bari a jikin rini. Da aka kawo irinsa Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19, sai ga shi wannan tsagen ne ya shiga ran mutane.

Daga shekarun 1960, manyan dillalai mata na Lome, waɗanda ake kira Nana Benz, su ne idon kamfani: su zaɓi zane, su ce a ƙara ja ko a rage shuɗi, su raɗa masa suna. A da, yawancin kayan da ke zuwa Arewa ta tashoshin Lome da Kwatano kan biyo ta Maraɗi, su gangaro iyakar Jibiya, yankin Magama da Farfaru, su wuce Kantin Kwari a Kano. Mai shago a Kwari ba ya buƙatar takardar tambayoyi. Mace za ta warware bakin turmi, ta murza shi tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga haske, ta ajiye kamar ba ta so, ta zagaya ta dawo. Dawowar nan yake jira, kuma da ita yake yin odar gaba.

A ɓangaren ma'aunin zamani kuwa, a shekarun 1970 Farfesa Mitsuo Nagamachi na Jami'ar Hiroshima ya fara tsarin da ake kira Kansei. Ana ba mutane kalmomi, kamar taushi da ƙarfi da natsuwa, su ba kowace siffa maki, kwamfuta ta gano wane launi ko lanƙwasa ke haifar da wane ji. Motar Mazda MX-5 ta 1989 ce aka fi buga misali da ita. A 2002 Pieter Desmet na Jami'ar Delft ya fito da manhajar PrEmo, mai zanen ɗan mutum yana nuna yanayi 14, bakwai na daɗi, bakwai na rashin daɗi. Ba a buƙatar karatu, mutum ya nuna wanda ya dace da ransa kawai.

Dabara ce mai kyau, amma a ganina tana da gurbi a ƙasar Hausa. Ta ɗauka mai sakawa ne mai zaɓa, kuma zai bayyana abin da ya ji. Kayan lefe kuwa dangin ango ke zaɓa, dangin amarya su duba su yanke hukunci, ita kuma kunya ta hana ta cewa uffan. Anko ma mutum ɗaya ke fitarwa, ɗaruruwa su ɗinka.

Ma'aunin 'yan kasuwa ma ya sauya salo. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris 2024. A tsakanin nan ciniki da yawa ya koma waya: dillali ya tura hotunan sabon zane ta WhatsApp, ya ƙirga masu cewa a ajiye musu, sannan ya aika oda Guangzhou a ƙasar Sin.