Inji a Tsaye, a Kife, ko a Kwance

Idan ka taɓa zama da masu haɗa ƙananan jiragen sama na rimot, irin masu shan mai ba na batir ba, za ka ji suna musu kan abu guda tun kafin su ɗaura kusa ko ɗaya: ina kan injin zai kalla? Sama, ƙasa, ko gefe? Za ka ɗauka gardamar masu wasa ce, amma ta girmi abin wasan. Manyan jirage ne suka fara ta, kuma wani yanki na labarin ya ratsa ta Kano.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, Arthur Coningham na jagorantarsu. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Kartum, Fashir, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, sannan Maiduguri. Mu 'yan Tandabawi ba sai an karanta mana wannan hanya ba. Ita ce kakanninmu suka tako da ƙafa suna nufin Makka, wasu shekara da shekaru. Jiragen sun bi ta ne a juye, cikin 'yan kwanaki. Injin da ya kawo su sunansa Liberty, silinda 12, ƙarfin doki 400, kawunansa duk suna kallon sama. Dalilin kuwa ko bakaniken unguwa ya san shi: baƙin mai ƙasa yake gangarawa, filogi kuma bushewa yake so. Ka sa filogi a sama, kowa ya zauna a gidansa.

Wanda ya sha wahalar wannan tsari shi ne matuƙi. Inji a tsaye yana tare masa gaba, kamar ka zauna bayan mai dogon rawani a wurin karatu. Kamfanin de Havilland, wanda Frank Halford ya zana masa injin Gipsy, sai ya kife injin gaba ɗaya. Gipsy III ke nan, wanda jirgin Tiger Moth ya fara tashi da shi a 1931, sai Gipsy Major ya biyo a 1932. Silinda suka koma ƙasa, matuƙi ya sami gani, sandar farfela ta hau sama ta yi nesa da ƙasa. Amma fa baƙin mai bai san an canza shawara ba. Idan jirgi ya kwana a ajiye, sai ya riƙa zirarawa cikin silinda. Shi ya sa ake juya farfela da hannu a hankali kafin a tayar, don ruwa ba ya matsuwa: fistan ya same shi cike, sandarsa ce za ta lanƙwashe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya haɗa ɓangarorin biyu gaba da gaba. Messerschmitt 109 na Jamus injinsa DB 601 a kife yake. Spitfire da Hurricane na Ingila kuwa Merlin suke ɗauke da shi, a tsaye. Daga 1940 ana haɗa Hurricane a Takoradi, a tuƙo su ta Legas, Kano da Maiduguri zuwa Masar, ya'ani dai tsohuwar hanyar nan. Merlin na da aibi: idan matuƙi ya kifa hancin jirgi ƙasa da ƙarfi, fetur ɗin da ke cikin kafireta sai ya tashi sama, inji ya sarƙe. Na Jamus ba ya haka, amma kada ka ce don an kife shi ne. Famfo ne ke fesa masa fetur kai tsaye cikin silinda. Wadda ta sauƙaƙa wa Ingila matsalar mace ce, injiniya Beatrice Shilling, mai tseren babur. A 1941 ta riƙa bin sansanoni tana sa wani ɗan wasa na tagulla mai ƙaramin rami a hanyar fetur, ya taƙaita abin da ke shiga. Ina son labarinta, don maganinta bai fi girman kwabo ba.

To, ƙaramin jirgi duk ya gaji wannan. 'Yan tagwayen Amurka, Walter da William Good, sun tashi jirginsu na rediyo a 1937. A 1947 Ray Arden ya fito da filogi mai jan wuta: 'yar waya ce a murɗe, a ɗumama ta da batir a tayar da inji, daga nan man da ke ƙonewa ya ci gaba da riƙe mata zafinta. Man kuwa methanol ne haɗe da man shafe inji, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ka kife irin wannan inji, filogin ya zama ɗan kofi a can ƙasa, duk rarar mai nan za ta taru. Yana gudu lafiya, amma ka rage wuta za ka sauko, sai ya mutu maka a sama, aikin wata uku ya zo ƙasa da ka.

Akwai kuma maganar tanki, wadda mu ma'aikatan jinya muka fi kowa ganewa. Ledar ƙarin ruwa, ka ɗaga ta, ta yi gudu. Ka sauke ta, ta tsaya. Haka tankin jirgi yake da kafireta. Ana so tsakiyar tanki ta yi daidai da ita. Kife inji yana sauko da kafireta ƙasa, tanki ya koma samanta, mai ya riƙa kwarara ko inji a kashe yake.

Me ya sa har yanzu ake kifewa? Kyau, ba wani abu ba. Mai kwaikwayon Tiger Moth ba ya son silinda ta leƙo ta saman hanci. Abin dariya, har masu kwaikwayon Spitfire, wanda nasa injin a tsaye yake, galibi kifewa suke yi, don a ƙasan hancin ne wuri yake.

Ni dai ra'ayina, mai koyo ya bar injinsa a tsaye: filogi a ido, tayarwa ba wuya, iska na dukansa. Wanda ya ƙware ya kwantar da shi a gefe, kafireta ta zo kusan saitin tanki, salansa ta zubar da ƙazantar mai ta ƙarƙashi. Idan kuwa siffar jirgin ta tilasta kifewa, ka sauke tankin, ka juya farfela da hannu kafin ka kawo sitata, in ka ji ta cije ka cire filogi mai ya zube. Kuma a zafi irin na Makka, ka tabbata ramin da iska ke fita daga murfin inji ya fi na shigarta girma.