Zaɓen Batir da Haɗa Wayoyinsa a Mutum-mutumin Gasar Faɗa: Nazari Bisa Kayan da ke Samuwa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Maƙalar ta auna batura uku da matashi mai ƙere-ƙere zai iya samu a wannan yanki, ta nuna cewa yawan wutar da batir ke iya saki a lokaci guda ya fi yawan cajin da yake riƙewa muhimmanci.

Gabatarwa

A gasanni irin su BattleBots ta Amurka, karawa ɗaya minti 3 ce, kuma kowane aji yana da iyakar nauyi. Matasan kudancin Katsina ba baƙi ba ne ga batir. Ƙarancin wutar kamfanin KEDCO ya sa sola da cajin waya suka zama sana'a, kuma a wajen masu gyaran waya da kwamfuta ake samun tsofaffin ƙwayoyin lithium. Sai dai ƙwarewar da aka samu a kan fitila da fanka ba ta isa ga mutum-mutumin faɗa ba.

Lissafi da Tattaunawa

A ɗauka mutum-mutumin yana da moto biyu na bolt 12. Kowanne yana jan amfiya 3 a tafiya, amma ya ja 15 in ya cije yayin turereniya. Buƙatar ƙoli ke nan amfiya 30. Ko da matsakaicin ja ya kai amfiya 10, minti 3 ba zai ci fiye da 500mAh ba. Ashe caji ba shi ne matsala ba.

Batirin babur yana iya sakin wannan wuta, amma dalma ce a cikinsa, nauyinsa zai cinye kason da ya kamata sulke ya samu.

Ƙwayar 18650 ta tsohuwar kwamfutar cinya ta fi jan hankali saboda araha. Bolt 3.7 take bayarwa, 4.2 in ta cika, don haka uku a jere suna ba da 11.1. Amma mai 2200mAh, tun tana sabuwa, abin da za ta saki lafiya bai wuce amfiya 4 zuwa 5 ba. Kafin a kai 30, sai an haɗa layi bakwai kafaɗa da kafaɗa: ƙwaya 21, kusan kilo guda, tunda kowacce tana kai giram 45. Ƙwayar da ake cirowa daga batirin injin huda kuwa, mai amfiya 20, shida sun wadatar, giram 270 kacal. A ganin wannan nazari ita ce zaɓin da ya dace, muddin ƙwayoyin iri ɗaya ne kuma an gwada kowacce. Rarrauna ɗaya a jeri ita ke fara ƙarewa, ta yi zafi, ta jawo gobara.

Haɗa Wayoyi

Zafin da waya ke yi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da wuta ta ninka biyu, shi ya sa siririyar wayar rediyo ke narkewa. A yi amfani da mai kauri, gajera, a sa fiyus daf da bakin batir, da makashi da hannu zai kai gare shi daga waje. Allon kariya na BMS dole ƙarfinsa ya haura amfiya 30, in ba haka ba zai yanke wuta ana tsakar karawa. Kada a daɗe da ƙarfen dalma a kan ƙwaya. Liƙa zirin nikel da walda ya fi.

Zafin bazara abin damuwa ne ƙwarai. Daga Maris zuwa Mayu yanayi kan kusanci digiri 40, alhali cajin lithium sama da digiri 45 yana da haɗari. Ƙwayar da ta fito daga fage da zafi sai ta huce a inuwa kafin a jona ta, kuma kada a bar yaro shi kaɗai da ita a ɗaki mai rufin kwano.