Matar da ta ɗinka kayan cosplay na farko

1/ Duk sanda na ga hotunan Comic Con, wannan ya yi shigar Naruto wancan ta Black Panther, sai Myrtle Douglas ta faɗo min a rai. Ku biyo ni.

2/ A Yulin 1939 aka yi Worldcon na farko a New York, taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya. Mutum wajen 200 ne kacal. Myrtle da saurayinta Forrest Ackerman tun daga Los Angeles suka taso. Abokinsu Ray Bradbury, ɗan shekara 18, ko kuɗin mota ba shi da su, Ackerman ne ya ranta masa. Ee, shi dai Bradbury mai Fahrenheit 451.

3/ Jama'a sun zo cikin kayansu na yau da kullum, su biyun nan suka faɗo da shigar mutanen zamani mai zuwa, samfurin fim ɗin Things to Come na 1936.

4/ Myrtle ce ta tsara kayan, ta ɗinka da hannunta. Amma shekara da shekaru Ackerman ake yi wa kirari. Wallahi abin nan na ci min rai.

5/ Ta rasu a 1964. Ita kanta kalmar cosplay sai bayan 1980 ta ɓullo daga Japan, Myrtle ba ta taɓa jin ta ba.